Ranar da Ban Ɗaure Maraƙi Ba

Aikina na farko bayan na gama karatun kwamfuta a Anka na yi shi, a wani ɗan ofishi da ke ajiye bayanan yaran da gubar dalma ta shiga jininsu. Ni ba likita ba ne, ba nas ba, ko allura ban iya riƙewa ba. Nawa shi ne wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, wanda shi kaɗai ke da na'urar sanyi a ginin gaba ɗaya, kuma ba don ni aka sa ta ba. Don babbar kwamfutar da muke kira saba aka sa ta. Duk sakamakon gwajin jini, duk maganin da aka taɓa ba yaro, a cikinta yake. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ga makullin ɗaki mai sanyi a aljihuna a garin da zafi ke sa mutum ya tsani rigarsa. Sai na ɗauka ni ma wani ne.

Wanda ya samo mini aikin shi ne tsohon da Inna ke kira Baffa. Aminin mahaifinta ne, tare suka yi kiwo a dajin Gwashi kafin kakana ya rabu da shanu ya zauna Gummi. Baffa ya koyi boko da girmansa a ajin yaƙi da jahilci, kuma rubutunsa ya fi na malaman da suka koya masa kyau. Tun da aka buɗe ofishin shi ke riƙe da manyan littattafan rajista, yana rubuta sunan yaro da na uwarsa da ƙauyensu da abin da gwaji ya nuna. Da kwamfuta ta zo, sai aka ɗauki hoton littattafan nan shafi-shafi aka zuba a saba, aka ba shi tebur da kwamfuta. Aikinsa ya koma ciro tsohon shafin duk yaron da aka dawo da shi, ya buga a takarda ya miƙa wa nas, domin likita ba ya ba da magani sai ya ga abin da ya gabata. Matasa biyu da ke rajistar sababbin zuwa kuwa 'yan kwamfutocin hannu gare su, ba sa taɓa saba sai an tashi aiki su juye abin da suka tara. Wato duk wunin Allah, teburin Baffa kaɗai ke jiran saba.

Da yatsa ɗaya yake buga kwamfuta, yana lasar leɓe kafin kowane harafi. Amma shi ne mai jin Fulatanci a ofishin, kuma matan ruga ba sa sakin baki da kowa sai shi. Gwashi ta riga ta zama inda ba a kwana da ido biyu rufe, don haka ya kwaso matarsa da jikokinsa uku ya kama musu ɗaki a Anka. Aikin nan shi ke riƙe da rufin ɗakin. Kowa ya san haka, ni kuma na fi kowa sani, don a gabana ya faɗa wa Inna.

Laifinsa a wurina guda ɗaya ne. Ya ɗauke ni jika, kuma yana yi mini wasan kaka da jika a duk inda ya gan ni. A gida ban damu ba, ni ma ina ramawa, ina ce masa Tsoho mai ran ƙarfe. Amma a ofis ina so a kira ni injiniya. Shi kuwa sai ya hango ni da igiyar katin aiki a wuya ya ɗaga murya: "Ga mai gadin hirji nan ya hito!" Mutane su kwashe da dariya, ni kuma in yi yaƙe.

Sabar nan faya-fayan ajiya huɗu gare ta, jere a gabanta, kowane da 'yar koriyar fitila. Ba a zuba bayani a faifai ɗaya. Ana rarraba shi ne a kansu duka, da wani ƙarin lissafi, yadda in ɗaya ya mutu sauran ukun za su iya gano abin da ke cikinsa. Wata rana da damina na uku ya mutu, fitilarsa ta koma ja. Muka yi makonni muna tafiya a kan uku, gabana yana faɗuwa, don in wani ya sake mutuwa kafin a maye gurbin, komai ya tafi ke nan. Da sabon faifai ya iso, ran Litinin na zare mataccen na zura shi.

Sabon faifai wayam yake zuwa. Dole saba ta karanta sauran ukun tun daga farko har ƙarshe, ta lissafa rabon sabon, ta rubuta masa. Wannan shi ne daidaita faya-fayai, kuma a bayan fage take yin sa, tana yi tana amsa kiran masu aiki. Sai dai ƙarfinta ɗaya ne, abin da ta ba wancan ta rage wa wannan. Akwai wani shafi da nake shiga in zaɓa mata: ta ba daidaitawa ƙarfi kaɗan, ko matsakaici, ko kusan duka. In na sa kaɗan, aikin zai ja kwanaki amma mai neman shafi zai samu nan take. In na sa duka, za ta gama da wuri, amma mai neman shafi sai ya ga kamar kwamfutarsa ta suma. Ko a ido ana ganewa. In tana kan kaɗan fitilun nan suna ƙyaftawa ne jefi-jefi, in tana kan duka kuwa su huɗun suna walƙiya tare ba numfashi.

Ranar farko na sa matsakaici, sai ga Baffa a bakin ƙofata yana ƙorafi teburinsa ya yi nauyi. Na yi masa bayani da dogon Turanci don in nuna masa iyakarsa. Ya saurara, ya leƙa fitilun, ya gyaɗa kai.

"Ashe saniya ta," ya ce. "Ana tatsa, maraƙi na tsotsa. In ka sakam mai nono, mu masu ƙwarya sai mu koma gida hannu wohi."

Haushi ya kama ni, don abin da na yi wata guda ina haddacewa a makaranta ya gama shi a numfashi ɗaya. Ya ce to a yi yadda ake yi a ruga, a ɗaure maraƙi a dangwali lokacin tatsa, in an gama a sake shi. Shawara ce mai kyau, ita ce ma abin da littafi ya ce a yi. Muka tsaya a kan haka. In za mu tashi da yamma in mayar da ita kan duka ta kwana tana yi da wutar batiran sola, da safe in dawo da ita kan kaɗan. Kullum da safe in ya jingine kekensa sai ya leƙo: "Jikana, ka ɗaure maraƙi?" In ce na ɗaure, Tsoho.

A makon nan ne aka sanar da mu cewa hedikwata za ta rage tebur ɗaya cikin ukun rajista, kuma wata jami'a za ta zo ran Alhamis ta zauna ta ga yadda kowa ke aiki. Matasan biyu suka fara guga da wankin takalmi. Baffa kuwa na lura ya fara zuwa da wuri yana gwada buga kwamfuta da yatsu biyu.

Ran Laraba abin ya faru. Akwai wata nas da nake ta zagaye ina neman hanyar yi mata magana, har na sayi sabon turare dominta. Muna tsaye a baranda ta tambaye ni wani abu game da wayarta, ni kuma na gyara murya na fara bayani, sai ga Baffa da butarsa zai je alwala. Ya tsaya. Ya dube ta ya ce:

"Ɗiyata, kin ga injiniyan ga? Ni nag goya shi tun daga kasuwar Gummi har gida, shina ta kuka ya ga raƙumi. Bayana sharkaf. Kuma wallahi ba hawaye na ba."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Direba ya ji, mai gadi ya ji, kafin azahar har mai kawo mana kunu ta ji. Duk wanda na wuce sai ya yi kukan raƙumi ƙasa-ƙasa. Na shiga ɗakina mai sanyi na kulle. Na san wasa ne. Na san in da a tsakar gidan Inna ya faɗa, da ni ma na yi dariya na ce masa ai bayan nasa ne ya tsufa yana yoyo. Amma a ranar na tsane shi, tsana ta gaske, irin wadda mutum ke jin ɗanɗanonta a baki.

Ba zan ce na manta ba, ko da yake na sha gaya wa kaina haka. Ran Alhamis na riga kowa zuwa. Na buɗe shafin, na ga tana kan duka kamar yadda na bar ta jiya. Na sa hannu a kan linzamin kwamfuta, na kai kan kaɗan, na tsaya. Sai na rufe shafin ban taɓa komai ba. Har hujja na tanadar wa kaina, cewa kowace sa'a da aka ƙara ana daidaitawa haɗari ce ga bayanan yaran, gara a gama da wuri. Hujjar gaskiya ce, kowane ma'aikacin kwamfuta zai yarda da ita. Sai dai ba ita ce dalilina ba.

Na ji ƙarar kekensa. Ya leƙo da farar riga wadda na san ta Sallah ce, hularsa a karye tsaf.

"Jikana, ka ɗaure maraƙi?"

Na tare ƙofar da jikina. "Na ɗaure, Tsoho."

"Madalla. Yau ka yi mani addu'a."

Jami'ar ta iso da hantsi, mace mai gilashi da ɗan littafi, ba ta da yawan magana. Ta zauna wurin matasan biyu, suka yi ta shafa 'yan kwamfutocinsu kamar masu wasa, layinsu yana tafiya. Daga nan ta ja kujera kusa da Baffa. Ni kuma na fito na jingina da ƙofata, na bar ta a buɗe don in ji sanyi a bayana, ina kallo.

Wadda ke gaban layi wata Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Sunke, da yaro goye a baya, kansa ya langaɓe gefe. Ɗan kabu-kabun da ya kawo ta yana bakin ƙofar ofis a kan babur, ya riga ya faɗa wa kowa cewa shi ba zai kai la'asar a Anka ba, don hanyarsu ba a bin ta da yamma. Baffa ya gaishe ta da Fulatanci, ya karɓi katin, ya buga lambar da yatsu biyu, ko kuskure ɗaya bai yi ba. Ya danna. Wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa a tsakiyar allo.

Ta yi ta juyawa. Baffa ya yi murmushi ya ce wa jami'ar yanzu zai fito. Ya sake dannawa, abin da kuwa ke ƙara wa saba nauyi, ni na sani shi bai sani ba. Jami'ar ta dubi agogonta ta rubuta wani abu. Can sai shafin ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, rubutun hannunsa ne mai kyan nan na shekarun baya. Ya sauko har sunan uwar yaron, ya tsaya cak. Gumi ya fara jiƙa wuyan rigar Sallah.

"Hajiya, na san yaron ga," ya ce. "Sau ukku anka kawo shi. Na hwarko jininai ya yi sama ƙwarai, anka ba shi magani, na biyu ya sauka, na ukku..."

"Baba, abin da ke kanka ba rajista ba ce," ta katse shi. "Takarda likita zai gani."

Ya rufe shafin ya sake buɗewa. Ya goge gilashin allon da hannun riga. Ya duba wayar bayan kwamfuta. Layi ya taru har waje, yara suna kuka, ɗan kabu-kabu yana ta matsa oda. Ɗaya daga cikin matasan ya rufe baki yana dariya. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Ina kallonsa ina cewa a raina, to yau wa ya jiƙe?

Jami'ar ta juyo ta tambayi wane ne mai kula da saba. Na matso da katina a wuya.

"Akwai matsala a wurinka?"

"Tana aiki, Hajiya," na ce. "Duk fitilunta kore ne."

A nan ne Baffa ya ɗago kai. Bai dube ni ba tukuna, ta bayana ya duba, ta ƙofar da na bari a buɗe. Daga teburinsa ana hango gaban saba. Fitilu huɗu suna walƙiya tare ba numfashi. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dawo da idonsa kaina. Kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya ce a je a duba shafin nan, da ni za a kora a ranar, kuma da na cancanta. 

Jami'ar ta ce, "Baba, me ke faruwa ne?"

Ya sauke kai ya dubi hannuwansa. "Hannuna na yay yi nauyi, Hajiya. Tsuhwa."

Ko a lokacin ina da dama. Taku goma ne zuwa ɗakina, dannawa biyu, kafin matar nan ta gyara goyonta shafin ya fito. Amma in na yi haka kowa zai ga abin ya warware daga shigata, kuma za a tambaye ni me na taɓa. Sai na tsaya inda nake. Matar ta koma gefe ta zauna a ƙasa tana jira, aka gwada na bayanta, shi ma haka. Da azahar ta wuce ɗan kabu-kabu ya ta da babur ya ce ko ta zo ko ya tafi. Ta miƙe, ta karɓi katinta daga hannun Baffa, ta ce masa miyetti, wato godiya take yi masa, ta fita da yaron ba magani. Ban san ko ta dawo ba. Ban taɓa dubawa ba, ko da yake dubawar ba za ta ci mini minti ɗaya ba.

Da safiyar Juma'a na tarar daidaitawa ta kammala. Fitilun sun natsu, saba ta koma gudu fiye da yadda take kafin faifan ya mutu. Ran Litinin aka sallami Baffa, aka ɗora ɗaya daga cikin matasan a teburinsa, yana dannawa shafi yana fitowa. Shugaban ofishinmu ya tsaya a kansa yana kallo, ya juyo ya ce mini, "Ka gani ko? Ashe duk tsohon nan ne matsalar." Ya kuma yaba mini a gaban kowa cewa na gama gyara kafin lokacin da na ɗiba. Nas ɗin nan ma ta ce mini sannu da aiki, injiniya. Abin da nake so ke nan tun farko, kuma na samu.

Baffa ya zo ran Talata kwashe kayansa, buta da darduma da wani tsohon tabarau. Ya bi kowa ya yi sallama, ya nemi gafara in ya taɓa saɓa wa wani. Ni na ɓuya a ɗakina, amma ya ƙwanƙwasa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya leƙa fitilun.

"Maraƙin ya ƙoshi?" ya ce.

Na ce ya ƙoshi.

"To madalla. Ka riƙe aikinka da kyau, ka ji. Ɗiyan mutane na ciki."

Na jira ya zage ni, ko ya yi mini wasa ko da guda ɗaya ne, ya kira ni mai gadin firji. Bai yi ba. Ya tura kekensa ya fita, bai hau ba har ya sha kwana. Kafin wata ya ƙare na ji ya saki ɗakin da ya kama, ya mayar da matarsa da jikokinsa Gwashi, inda ya gudo da su daga farko. Ban sake ganinsa ba.

Na yi makonni ina ƙin zuwa gida. Da dai na ga Inna ta fara aiko saƙo ko lafiya, sai na shiga mota wata Asabar na tafi Gummi, ina shirya abin da zan faɗa in ta tare ni da maganar. Na tarar da ita a gindin murhu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zubo tuwo da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina ci, fuskarta a sake.

"Baffa ya zaka nan takanas kahin su koma," ta ce. "Yac ce na'ura ta hi ƙarhinai, ba laihin kowa na ba. Yac ce in sa maka albarka, in ba don kai ba da tuni anka sallame shi. Wai kullum da sahe kai ka ɗaure mai maraƙi, ko rana guda ba ka taɓa hwashi ba."

Na mayar da lomar cikin kwano. Inna ta yi dariya, ta matso da kwanon ruwa.

"Ni dai ban gane ba. Wane maraƙi kuke da shi a ohis?"

Na ce mata wasa ne irin namu. Ta ce ai ta sani, mu biyun nan ba ma girma, ta ɗauki ludayi ta ƙara mini miya.